Abin da Koyarwa a Ƙauye Ta Koya Mini Game da 'Yanci

Malamin makarantar gwamnati a Kamaru ba shi ke zaɓar inda zai yi aiki ba. Idan ya kammala horonsa, sai ya jira takardar da za ta faɗa masa garin da aka tura shi, kuma sau da yawa sunan da zai gani a cikinta suna ne da bai taɓa ji ba. Ni ɗan Garwa ne, kakannina Hausawa ne da fatauci ya kawo su bakin kogin Binuwai. Na yi karatu a Marwa bayan an buɗe jami'a a can a shekarar 2008, daga nan aka tura ni koyar da tarihi da labarin ƙasa a wata ƙaramar sakandare da ke cikin filayen da kogin Logon ke malalewa. Wanda ya tashi a gidan da ake cewa in kasuwa ta ƙi a nan sai a ɗaure kaya a gwada gaba, ba ƙaramin abu ba ne a ce masa ya zauna wuri ɗaya har ranar da wani ya ga damar sa hannu a takardar sauyin wurin aikinsa.

Ƙuncin wurin na gaske ne, ba na zuci kawai ba. Da damina ta kankama hanya takan yanke, baƙar laka ta riƙe mota da babur, ko babbar hanyar da ta tashi daga Marwa ta bi ta Mora da Waza zuwa Kuseri takan zama abin fargaba. Daga shekarar 2014, da hare-haren Boko Haram suka tsananta a Fotokol da Kolofata da Amcide, an rufe makarantu da dama a kan iyaka, an kuma taƙaita zirga-zirgar babura da dare, har ziyarar dangi ta koma abin da sai an yi dogon lissafi. Sabbin malamai kuwa sukan shafe watanni, wasu ma shekaru, kafin albashinsu ya daidaita. A cikin aji ma manhaja daga Yawunde take zuwa, da Faransanci ake koyarwa, jarrabawar BEPC ta kammala ƙaramar sakandare kuma ba ruwanta da ko ambaliya ta cinye wa yaro wata guda na karatu.

Duk da haka, abin da na ga yana karya malamai fiye da waɗannan duka shi ne zaman jira. Mutum zai iso da jaka ɗaya, ya ƙi sayen katifa mai kyau, ya ƙi koyon gaisuwar mutanen gari, ya ƙi dasa ko da itace ɗaya a ƙofar ɗakinsa, domin a ransa baɗi war haka ba ya nan. Baɗin ta zo ta wuce, wata ta biyo, yana nan da jakarsa. Wani dattijo Bahaushe mai sayar da yadi, wanda ke zagaya kasuwannin mako na yankin, shi ya fito mini da wannan fili wata rana bayan mun gaisa. Ya ce, “Malam, kai mazaunin garin nan ne, ko baƙo ne mai jiran mota?” Na ce, “Baba, ai aiki ne ya ajiye ni.” Ya ce duk wanda ke kasuwar nan wani abu ne ya ajiye shi, amma bai ga wanda ya fasa baje kayansa saboda haka ba. Na daɗe ina juya maganar, domin na fahimci cewa mai jira ya miƙa wa ofishin da ke riƙe da takardarsa abin da ofishin bai ma nema ba, wato kwanakinsa na yau.

Manoman yankin suna da wata dawa ta rani da ake kira masakwa. Ba a shuka ta da ruwan sama. Sai damina ta ja baya, ruwa ya janye daga baƙar ƙasar nan mai laka, sannan a ciro dashe daga inda aka rene shi, a huda ƙasa da sanda mai tsini, a zuba ɗan ruwa a ramin, a dasa. Daga nan ba za ta ƙara ganin ruwan sama ba har a girbe ta wajen watan Janairu ko Fabrairu. Damshin da ƙasa ta ɓoye shi ke ciyar da ita. Ƙasar da ke hana kowa motsi da damina ita ce ke cika rumbu da rani, kuma haka na riƙa duban wurin aikina tun daga lokacin.

Manhaja ta ce a koyar da yanayi da koguna da ƙaurar jama'a, amma ba ta ce ta wace ƙofa za a shiga darasin ba, kuma a nan na sami filin da babu wanda ya kewaye. Maimakon in fara da taswirar da ke cikin littafi, sai na tura ɗalibai su tambayi kakanninsu yadda filayen nan suke kafin a gina madatsar ruwa ta Maga a 1979 domin noman shinkafa. Suka dawo da labaran kifin da ya ragu, da ciyawar kiwo da ta ƙone, da iyalan da suka tashi, da kuma yadda abubuwa suka ɗan farfaɗo bayan an buɗe wa ruwa hanya zuwa wani sashe na filayen a 1994. Da muka zo kan Tafkin Cadi, wanda faɗinsa ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 kafin farin shekarun 1970 da 1980 ya tsuke shi, yaran ba su ɗauke shi lissafin haddacewa ba, domin a gidajensu akwai waɗanda suka ga abin da idonsu. Sukan kawo bayanin da Fulatanci ko Larabcin Shuwa ko Musgunci ko Hausa, mu zauna tare mu mayar da shi Faransanci. Yaron da bai taɓa ɗaga hannu a aji ba sai ga shi yana gyara wa malaminsa sunan wani rafi, kuma ban san wani daɗi a aikin nan da ya fi wannan ba.

Ba ina cewa a rungumi rashin adalci a kira shi haƙuri ba ne. Lokacin da malaman sakandare suka shiga yajin aikin da aka sani da OTS a watan Fabrairun 2022, suna neman haƙƙoƙinsu da suka maƙale, ina ganin sun yi daidai, domin malamin da ba ya iya biyan kuɗin haya ba za a ce masa ya nemi kwanciyar rai a cikin alli ba. Bambancin shi ne, wanda ya riga ya kama abin da ke hannunsa yakan nemi haƙƙinsa da natsuwa da tsayuwar magana, ba da ɗacin wanda ya yarda an gama da shi ba.

Akwai kuma inda ikona ya tsaya, kuma yana yi mini ciwo. Kowace shekara akwai 'yan mata masu ƙwazo da ake cirewa daga aji kafin su kai ga jarrabawa, wasu don aure, wasu don babu kuɗin rajista. Ba ni da hurumin hana uba yanke shawara a kan 'yarsa. Abin da nake iyawa shi ne in je gidan bayan la'asar, in zauna a zaure, in gaishe shi da girmamawa, in buɗe masa littafin yarinyar ya ga aikinta, in roƙe shi ya bar ta ko da zuwa ƙarshen shekara. Wasu iyayen sun amince, wasu sun ba ni ruwa na sha suka sallame ni da godiya, kuma a bana akwai gidaje da nake shirin komawa kafin a rufe rajistar jarrabawa.