Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Raguna Huɗu a Shekarar da Kuɗi Suka Ɓuya

A makon jiya na tsaya a inda na kwashi adashenmu na malaman makaranta, naira dubu ɗari uku cif, na kuma ƙudurta cewa a bana sai na turke raguna don babbar sallah. To ga yadda ta kaya.

Kwasar ta faɗo ne a watan Fabrairun 2023. Duk wanda yake Kaduna a lokacin ba sai na tuna masa ba. An sauya fasalin naira 200, 500 da 1,000, tsofaffin an kwashe, sababbin kuma sai dai ka ji labarinsu a rediyo. Uwar adashe ta turo mini kuɗina ta waya. Ina ganinsu a rubuce, amma na sayen ruwan leda ya gagare ni. Kwana uku ina sammakon banki daga masallacin asuba, dubu ashirin ce iyaka, ita ma sai mai rabo.

Niyyata da farko in bi Kawu zuwa kasuwar Anchau, inda dabba ta fi sauƙi. Shi ya fara karya mini gwiwa.

“Ɗana, mutumin da ya jawo ragonsa tun daga ruga ba zai koma gida da saƙon waya ba. Kuɗi yake so ya ƙirga, ya cusa a aljihu.”

Dole muka nufi Zango a Tudun Wada, inda dillalai ke karɓar tiransifa, amma da farashi biyu: na kuɗi a hannu daban, na waya daban. Kuɗin da na yi lissafin raguna shida, huɗu suka saya, ga la’ada, ga kuɗin a-kori-kura zuwa Rigasa.

Amma ranar na ga ilimi. Kawu bai yi boko ba, sai dai in ya kama rago kamar likita. Ya buɗe baki ya duba haƙora don sanin shekaru, ya ja fatar ido ya ga ko akwai jini, ya bi gadon baya da tafin hannu, sannan ya ɗaga wutsiya. Wani ƙaton Balami fari tas, mai dogayen kunnuwa, ya tafi da hankalina. Kawu ko kallonsa bai yi ba. Ya ce wannan an gama turka shi, ribarsa wani ya ci. Ya zaɓo mini Uda biyu da ’Yankasa biyu, ramammu, masu ƙashi. “Ƙashi ake saya,” in ji shi, “nama kai za ka ɗora.”

Kafin nan na gwada banki, in faɗi gaskiya. Wani ma’aikaci mai fara’a ya saurare ni tsaf, ya yaba, sannan ya tambaye ni takardar mallakar fili. Gidan haya nake. Mahaifinmu shekara ashirin ya yi a masaƙa a Kakuri, aka rufe ta ya fito ba fili ba fansho. Na ce ragunan fa? Ya yi murmushi ya ce dabba ba ta zama jingina, tana iya mutuwa. Ban ga laifinsa ba, amma har yau abin yana cina: dukiyar da talakan Arewa ya fi mallaka ita ce wadda ba ta da takarda.

Kiwon kansa ba wuya gare shi ba, ɗawainiya ce. Da asuba dusa da kowa, wato ɓawon wake, a kwaɓa da ruwan kanwa, da rana harawa, da yamma a sake. Uwargida ce ke ji da su in na tafi makaranta, ita ke share turke, ita ke tara taki a buhu muna sayar wa masu lambu a bakin kogi. Ruwa ma sayensa muke yi wurin ’yan garuwa, don famfon layinmu ado ne kawai.

A mako na uku ƙaramin ragon ya fara zawo da majina, ya daina ci. Wani maƙwabci ya ce in ba shi kafso ja-da-yalo na mutane. Allah ya sa ban biye masa ba, na kira malamin dabbobi. Ya ware shi gefe, ya yi masa allura, ya ce sauran ukun suna bukatar rigakafi. A nan na koyi wani abu. Maganin daga Vom ta jihar Filato yake zuwa, kwalba ɗaya ta dabbobi masu yawa ce, sai an ajiye ta cikin sanyi, kuma da an haɗa ta dole a ƙarar da ita nan take. Wa zai fasa kwalba don raguna uku? Sai uwargida ta yafa mayafi ta bi gida-gida. Ashe kusan kowane gida a layinmu akwai akuya ko tunkiya a ɗaure a bayan ɗaki, yawanci na mata ne. Ranar Asabar aka jero su ƙofar gidanmu, kowa ya kawo karo-karo, kwalbar na cikin kular ƙanƙara. Ƙaramin bai tashi ba. Kawu ya yanka shi kafin ya mutu.

Saura uku, kuma sun yi kyau har mutane na leƙowa. Babban Udan nan baƙin gaba farin baya, in ya tsaya sai ka rantse ɗan maraƙi ne. Na riga na kashe kuɗinsa a zuciyata.

Sai ga kiran dare a tsakiyar watan Mayu. Ƙanwata na naƙuda, an ce sai an yi mata aiki, kuma sai an ajiye kuɗi kafin a taɓa ta. Mijinta ɗan acaba ne. Gari na wayewa na ja Udan zuwa Zango. Dillali na ganin idona ya san a matse nake, ya taya yadda ya ga dama, na sallama. Saura mako shida sallah.

Da na koma asibiti na tarar an fito da ita, jariri na kuka. Na zauna kusa da Inna, fuskata ba yabo ba fallasa.

“Auta ta tashi, kai kana jimamin rago?” ta ce. “Ai dama don irin wannan ranar ake kiwo.”

“Haka ne, Inna.”

Gaskiya ta faɗa, kuma gaskiyar ce ke hana mu gaba. Ragon nan shi ne jarina, shi ne asusun asibitin dangi, shi ne kuɗin makarantar yara. Masu zuwa taro suna koya mana dabarun kasuwanci ba sa sa wannan a lissafi.

Ranar 29 ga Mayu sabon shugaban ƙasa ya ce tallafin mai ya tafi. Cikin kwana biyu lita ta haura naira 500, buhun dusa ya bi ta. Sallah kuma 28 ga Yuni, ga raguna biyu a turke da bakin ci.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin kwana huɗun da na yi da su a bakin titi, da Alhajin da ya ce in kai masa gida zai turo kuɗi.