Hutun haf-tam na yi shi a Malta

Wanda bai taɓa koyarwa a Ingila ba, ba zai gane yadda jiki ke laushi a ƙarshen Oktoba ba wlh. Ni lissafi nake koyarwa a wata sakandare a arewacin ƙasar, tun farkon Satumba ake fafatawa babu tsayawa, ka fita daga wannan aji ka faɗa wancan, ka dawo gida da tulin takardun makin, ga rahoton kowane yaro ga imel ɗin iyaye. Sannan ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba a mayar da agogo baya da awa ɗaya, kafin biyar na yamma duhu ya rufe gari. Shekarar da na zo, hutun mako ɗayan nan na tsakiyar zango, wanda ake kira haf-tam, a ɗaki na yi shi gefen hita, abin da ya rage bayan kuɗin haya na tura gida, don lalurorin gida ba sa jira. Amma bana na ce a'a, jiki ma yana da haƙƙi, sai na je inda zan ga rana.

Abokan aikina turawa tikiti kawai suke yanka su wuce. Mu masu koren fasfo kam sai da biza, don bizar aikin Birtaniya ba ta shigar da kai Turai, sai ka nemi ta Shengen, wato bizar da ake shiga yawancin ƙasashen Turai da ita, yuro 90, ga inshora ga takardar banki ga wasiƙa daga makaranta, kuma tikiti tsada yake ƙarawa daidai lokacin haf-tam saboda kowa makon yake fita. Tafiyar ita kanta zuwa Malta a jirgin sama awa uku da wani abu ce.

Malta 'yar ƙaramar ƙasar tsibirai ce a Bahar Rum, murabba'in kilomita 316 gaba ɗaya, amma mutanenta sun haura rabin miliyan. Turawan Ingila sun mulke ta har 1964, shi ya sa da turanci za ka yi komai, motoci ma hannun hagu suke bi, ban sha wahala ba ko kaɗan. Na zaga Baleta babban birnin, wanda aka fara ginawa a 1566 bayan Turkawan Usmaniyya sun yi wa tsibirin ƙawanya a 1565 ba su ci nasara ba. Na hau jirgin ruwa zuwa Gozo, wani tsibirin ƙasar. Amma gsky inda ya fi kwanta min shi ne Mdina, tsohon birnin da ke kan tudu, ganuwa ta kewaye shi, lunguna 'yan matsattsu suna lanƙwasa kamar cikin birnin Zariya, gine-ginen duk da dutse mai kalar ƙasa. Larabawa sun riƙe wurin daga shekarar 870 har sama da shekara 200, yau kusan kowa Katolika ne amma yarensu daga larabci ya samo asali. Abinci dai sai ka yi tambaya, zomon da suke alfahari da shi da giya ake dafa shi, ni na lizimci kifi, a ƙauyen masunta na Marsashlok ranar Lahadi kasuwar kifi ake ci a bakin ruwa.

Ranar Juma'a na hau bas zuwa garin Paola inda babban masallacin yake, wanda Gaddafi ya aza harsashinsa a 1978. Ana idarwa ina neman takalmina sai na ji wani a waya yana cewa lahiya lau Inna, lahiya lau. Na tsaya har ya gama na yi masa sallama. Yaro ne ƙarami, daga wajen Maraɗi, aikin gini yake yi. Ya ce Malam kai ma ta ruwa ka zo? Na ce a'a ƙanena, hutu na zo. Wallahi sai da bakina ya yi nauyi kafin na faɗa.

Muka zauna muka sha shayi ya ba ni labari, Agadas, Dirku, Sabha, aikin ƙarfi a Libiya har ya tara kuɗin jirgin roba, tsakaninsu da Malta sama da kilomita 300 na ruwa. Shi Italiya ya nufa, Allah Ya kawo shi nan, aka ɗauki zanen yatsunsa, kuma a dokar Turai ƙasar da ka fara sauka ita ke duba maganarka, ko ya tsallaka wata za a iya dawo da shi. Ya zauna a sansanin baƙin haure na Hal Far kafin ya samu ɗaki da wasu. Irin su ne ke ɗaukar siminti a dogayen ginin da ake ta yi a Sliema, wurin da mu baƙi ke kwana. Bai roƙe ni ko sisi ba, damuwarsa wata wasiƙa ce da aka aiko masa da turanci irin na ofis, yana ta yawo da ita a aljihu. Na karanta masa layi-layi da hausa, ashe ranar ganawa ce aka sa masa, saura ƙiris ta wuce.

Mun yi musayar lamba. Tunda na koma makaranta duk takardar da ta zo masa hotonta yake turo min a WhatsApp, in na tashi daga aji na yi masa bayani da murya, kuma mun fara ɗan karatun turanci duk Asabar da daddare in ya dawo daga wurin gini.