Asabar, teburin da ya rage

Ƙafafuna har yanzu zugi suke yi. Tun hantsi nake tsaye, sai yanzu da Maman yara ta kawo mini ruwan ɗumi a roba na samu na zauna.

Safiyar dai ta yi daɗi. Mancesta, birnin Ingila, ta tashi da yayyafinta na kullum, amma shagon da ake gasar ya cika maƙil har sai da mai shago ya aro kujeru a maƙwabta. Gasar share fage ce ta wasan kati mai suna Magic, wanda ya ci zai samu gurbi a gasar yanki, don haka kowa ya zo da takardar jerin katunansa. Ni ne babban alƙali, da ƙananan alƙalai biyu. Wani ya rubuta kati 59 alhali 60 ne a hannunsa. Hukuncin a fili yake, asarar wasa ɗaya, ya karɓa yana dariya. Azahar a ɗakin ajiya tsakanin kwalaye. Shayina ya huce kafin in kurɓa.

Sai zagayen ƙarshe kafin a zaɓi mutum takwas da za su wuce gaba. Minti 50 suka cika, na ɗaga murya na sanar: mai juyi ya ƙarasa nasa, sannan a ƙara juyi biyar. Tebur ɗaya ya rage, wani ɗan wasanmu da muke kira Dattijo da wani matashi da yau na fara ganinsa. Wanda ya ci wasa biyu ne ke cin zagaye. Kowa ya ci ɗaya, na ukun ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Lissafin ba ɓoyayye ba ne, nasara maki 3, canjaras maki 1. In suka tashi kunnen doki duka biyun sun faɗo, in ɗaya ya ci shi zai haye.

Ina wajen kwamfuta na ji an ce "Joji!" Ƙaramin alƙali ya je, bai daɗe ba ya dawo ya raɗa mini cewa Dattijo ya ɗauko dayis, irin na wasan ludo, ya ce wa yaron su jefa, wanda nasa ya fi yawa ya ɗauki nasara. Yaron bai ce uffan ba, hannu kawai ya ɗaga.

Gabana ya faɗi, don na san inda maganar za ta iya kaiwa.

Na raba su. Yaron na fara ji, yana magana yana murza ledar katinsa har gefenta ya lanƙwashe. Abin da ya faɗa bai saɓa da na ƙaramin alƙali ba. Sannan na ja Dattijo bayan kanta. Littafin hukuncinmu hanya biyu ya ajiye a kan wannan. Wanda ya nemi a yanke wasa da dayis ko sulalla bisa rashin sani, zagayen kawai zai rasa. Wanda ya san an hana kuma ya yi, maguɗi ne, kora ce daga gasar, babu kyauta, suna ya fita daga jeri. Tsakanin hanyoyin biyu tambaya ɗaya ce, kuma ni zan yi ta.

"Yallaɓai, ka san doka ta hana wannan?"

Duk safiyar gasa sai na faɗa, yau ma na faɗa. Amma a lokacin ana hayaniya, wasu na gauraya kati, wasu na neman teburinsu. Na sha jin "ban ji ba", kuma ba ni da yadda zan buɗe ƙirjin mutum in duba. Ƙofar a buɗe take a gabansa, ya kuma san a buɗe take.

Ya cire tabarau ya goge da bakin rigarsa. "Na sani," in ji shi. "Ni nake gaya wa yaran da ke zuwa wasa daren Juma'a kada su yi. Gani na yi gara ɗayanmu ya wuce da mu faɗi tare."

Kowa a shagon ya san Dattijo. Shi ne ke aron katunansa ga duk sabon shiga, shi ne ya zaunar da yarona Abba ya koya masa wasan nan da haƙuri lokacin da ni na gaza samun sukuni. Na faɗa masa hukuncin a hankali, na miƙa masa takarda ya rubuta nasa bayanin. Bai yi musu ba. Ya tattara kayansa, ya je ya ba yaron hannu, ya fita cikin ruwan sama.

Hukuncin ƙaramin alƙali ana iya ɗaukaka ƙararsa zuwa gare ni. Nawa kuwa a zauren nan babu inda za a kai shi. Da farko na ɗauka wannan girma ne, yau nauyi kawai na ji.

Dokar ba ta banza ba ce, kuma ko gobe abin ya sake faruwa haka zan yanke. Lokacin da Richard Garfield ya fito da wasan a 1993, akwai ƙa'idar da kowane ɗan wasa ke ajiye kati ɗaya, wanda ya yi nasara ya kwashe. Kamfanin Wizards of the Coast ya watsar da ita, ya haramta katunan da ke aiki da ita a gasa, don kada wasan ya zama caca. Duk ranar da Yaya ya bugo daga Kano yana cewa har yanzu ina nan ina alƙalancin 'yan karta, da wannan nake ba shi amsa: a zaurenmu ba a sa kuɗi a kan wasa, ba a sayen nasara, ba a jefa dayis a raba ta. In na sassauta don mai laifin mutumina ne, to Yaya ya fi ni gaskiya.

Abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Da Dattijo ya ce wa yaron, "Za ka bar mini?" ba tare da ya yi masa alkawarin komai ba, doka ta yarda. Da ya ce mini bai ji sanarwa ba, da wuya in iya tabbatar da akasin haka, da yanzu zagaye ɗaya kawai ya rasa. Mutum ya faɗi gaskiya, gaskiyar ce ta fitar da shi. Wannan ne ya hana ni cin tuwon da aka ajiye mini.

Yaron ya shiga cikin takwas, sai na lura ana yi masa kallon banza. Na tsaya a tsakiyar zaure na ce abin da ya yi shi ne daidai, da ya amince da shi ma hukunci ya hau kansa. An fitar da shi a wasan gaba. Ya tafi ko sallama bai yi ba. Na roƙi mai shago in ya sake zuwa ya karɓe shi hannu biyu.

Wasan ƙarshe ya tafi lafiya. Kofi, hoto, kwashe kujeru. Motar haya ta makara.

Rahoton na gama rubuta shi, da safe zan tura. Na sa a ciki cewa bai ɓoye mini komai ba tun tambayar farko, don ya kamata duk wanda zai karanta ya san da haka.