Abin da na koya daga duba bayan idon masu ciwon suga a Birnin Kebbi

Na daɗe ina aikin jinyar ido, amma mafi yawansa a gaban ido ya tsaya: yana, jan ido, amosanin ido, gwajin tabarau. Sai da muka ware rana guda a mako domin duba bayan idon masu ciwon suga a asibitin da nake aiki a Birnin Kebbi na san cewa akwai wani karatu a gabana.

Aikin kansa ba shi da wuya. A auna gani da allon haruffa, a ɗiga maganin da ke buɗe baƙin ido, a jira minti 20 zuwa 30, a shiga ɗaki mai duhu a haska. Can a ƙurya za ka ga tantanin da likitoci ke kira retina, launinsa ja-ja, jijiyoyin jini sun fito daga kan jijiyar gani sun yi rassa ko'ina. Kaurinsa bai kai rabin milimita ba, amma in aka yi la'akari da nauyinsa, yana cikin sassan jiki mafi shan iskar oksijin, har ya fi ƙwaƙwalwa. Shi ya sa Allah Ya yi masa hanyar jini biyu: jijiyoyin da muke gani suna ciyar da ɓangarensa na ciki, wata shimfiɗar jijiyoyi da ke bayansa kuma tana ciyar da ƙwayoyin da ke karɓar haske. A cikin duhu ma waɗannan ƙwayoyin sun fi shan oksijin, abin da ya ba ni mamaki da na fara karanta shi.

Wani dattijo manomin shinkafa daga wajen Argungu ya zauna a gabana yana ƙorafin an ɓata masa lokaci. Ya ce, "Ɗiyata, ni idona garau yake, da kaina nake zura zare a allura." Gaskiya ya faɗa, ya karanta allon har kusan layin ƙasa. Da na haska idonsa na dama sai ga ɗige-ɗigen jini birjik, ga ƙyallin kitse rawaya da ya tsattsafo, ga fararen tabo inda jini ya daina kai wa. A gefen jijiyar gani kuma wasu siraran jijiyoyi sun tsiro a cukurkuɗe, ba su bin tsarin sauran. Su ne suka sa na kira likita nan take.

Da zan yi masa bayani na ce, "Baba, kun san noman rani. In ƙananan magudanai suka toshe, gulbi na nan cike amma fangalin ƙarshe ya bushe. In aka haƙa sabuwar hanya cikin gaggawa ba a daddale ta ba, ɓallewa take yi ta cinye shukar." Ya yi shiru, sannan ya tambaya ko nasa ya ɓalle. Na ce bai ɓalle ba tukuna, kuma abin da muke so mu riga ke nan.

Suga yana lalata bangon ƙananan jijiyoyin a hankali, wasu su riƙa yoyo, wasu su toshe. Wurin da oksijin ya yanke masa sai ya saki wani sinadari mai sa sababbin jijiyoyi su tsiro, su kuwa ba su da ƙwari. Suna fashewa jini ya cika tsakiyar ido, ko su zama tabo su janyo tantanin ya ɗaye daga mazauninsa. Tun 1948 wani likitan ido, Isaac Michaelson, ya ce lallai akwai irin wannan sinadari. A 1989 Napoleone Ferrara ya ware shi a Amurka, aka san shi da VEGF, a 1994 kuma aka nuna yana da yawa a ruwan idon masu wannan cuta. Yadda ƙwayar jiki ke gane oksijin ya yi mata ƙaranci har ta tayar da wannan kira, shi ne binciken da ya sa William Kaelin da Peter Ratcliffe da Gregg Semenza suka samu kyautar Nobel a 2019.

Wannan tarihin ya yi mini amfani a wurin da ban zata ba, wato wurin shawo kan marar lafiya. Mutum zai ce, "Sista, yaya za a ƙona mini ido da lesa a ce gyara ne?" Tambaya ce mai ma'ana, bai kamata a amsa ta da tsawa ba. Lesa wani haske ne mai ƙarfi da ake yi wa wannan cuta magani da shi. Ana ƙona gefe-gefen tantanin ne domin a rage ƙwayoyin da ke shan oksijin, abin da ya rage ya wadaci tsakiya inda ake karatu da gane fuska, sinadarin nan ya ja baya. Wani babban bincike da aka yi a Amurka a shekarun 1970 ya nuna hakan na rage haɗarin mummunar asarar gani da fiye da rabi. Ina kuma gaya musu abin da za su iya rasawa: ganin gefe da ganin dare kan ragu. Allurar da ake yi a cikin ido, irin su Avastin da Lucentis, sinadarin take tarewa kai tsaye, sai dai ana maimaita ta, kuma kuɗinta ba na kowa ba ne.

Daga baya muka shigo da masu sikila, domin toshewar jijiya ce a can ma. Abin da iyaye ba sa zato shi ne masu nau'in sikila na SC, da ba su cika kwanciya ciwo ba, sun fi masu SS samun waɗannan sababbin jijiyoyi. Haka bakwaini da ya kwana a kwalba ana ba shi oksijin: jijiyoyin idonsa ba su gama tsirowa ba, yana buƙatar a duba shi a makonnin farko.

Sauran darussan ƙanana ne, amma su ke sa mutane su dawo. Maganin ɗigawa na sa gani ya yi hazo na wasu awanni, rana kuma ta dami ido, don haka tun ranar ba da alƙawari muke cewa a zo da ɗan rakiya, ɗan kabu-kabu kuma ya bar mashin a gida. Wanda ba ya son a ɗiga masa magani yana azumi, mukan sa masa rana kafin watan ko bayan salla, in ba gaggawa. Hoton bayan ido in aka nuna wa mutum nasa, ya fi dogon wa'azi tasiri. Muna auna hawan jini kowane zuwa, don shi da suga tare suke ɓarna. Wanda aka gano yana da suga a girma, a duba shi tun lokacin, sannan duk shekara. Mai suga da ta samu ciki a duba ta tun farkonsa.

Mafi nauyi a wurina shi ne takardar turawa Sakkwato ko Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna. Mutumin da yake gani garau da wuya ya sayar da buhun shinkafa ya yi kuɗin mota. Yanzu ba na miƙa takardar sai an kira ɗansa ko ƙaninsa an yi bayanin a gabansa, in karɓi lambar wayarsa, bayan mako biyu in kira in ji ko sun tafi.