Godiya ga malamanmu da suka zauna da yaran Zango a Aboabo

Assalamu alaikum. Mu da muka shirya zaman ranar Asabar a unguwar Aboabo da ke Kumasi, inda malaman jami'a da ɗaliban bincike a fannin injiniyancin sinadarai da na muhalli suka zauna da yaranmu, muna miƙa godiya ga duk wanda ya sa hannu. Limaminmu da ya ba mu harabar makaranta, iyayenmu mata da suka dafa waake da shinkafa tun asuba, samarin da suka ɗauko benci daga Asawase, Allah ya saka muku da alheri.

Godiya ta musamman ga Hajiya Malama, wadda ta zo da jarka cike da ruwan kogin Offin, jajawur da lakar galamse, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba. Wannan kogin ne aka tare a Barekese, kuma daga can yawancin ruwan famfon Kumasi yake zuwa. Ta jera kwalabe shida masu lita ɗaya ɗaya, ta zuba alif a kowace, daga miligiram 10 har zuwa 60. Aka juya da ƙarfi na minti ɗaya, sannan a hankali na minti 20, aka bar su su kwanta rabin awa. Yara suka zura ido suna ganin laka tana dunƙulewa kamar dusar gero tana sauka ƙasa. Abin da ya fi burge mu, kwalbar da ta fi shan alif ba ita ta fi washewa ba. Malama ta bayyana dalili: alif yana ƙara wa ruwa tsami, kuma da zarar pH, ma'aunin da ke raguwa in tsamin ruwa ya ƙaru, ya faɗi ƙasa da 6, aikinsa ya raunana, sai an gyara da laim, wani farin gari mai rage tsami. Shi ya sa ake yin wannan gwaji kafin a yanke adadin da matatar ruwa za ta zuba. Da wata yarinya ta tambayi batun ƙwayar zogale, aka ce mata yana kwantar da laka ƙwarai, amma yana barin abin da ƙwayoyin cuta ke ci, don haka ruwan ba ya jure ajiya.

Malam Injiniya kuma ya yi mana maganar da kowane ɗalibin bincike ya kamata ya rubuta a bangon ɗakinsa. Ruwa yana iya washewa tas alhali zaiba, ƙarfe mai guba, tana ciki, irin wadda masu haƙar zinariya ke kama zinariya da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade zaiba a miligiram 0.006 cikin lita, asenik, wata guba, kuma 0.01, adadin da ido ba zai taɓa gani ba. Yawancin binciken da ke lalacewa, in ji shi, tun a bakin kogi yake lalacewa. Kwalbar ɗibar ruwa sai an wanke ta da asid. Bayan an ɗiba, a ɗiga asid ɗin naitirik har pH ya sauka ƙasa da 2, in ba haka ba ƙarfen ya manne a jikin kwalba, na'ura ta ba ka adadi ƙasa da gaskiya. A sa a akwatin ƙanƙara. Samfurin zaiba kada ya wuce kwana 28 ba a auna ba. A kuma tafi da kwalba ɗaya ta tsabtataccen ruwa a yi mata duk abin da aka yi wa sauran. In aka ga ƙarfe a cikinta, to daga hannun mai aikin ya shiga. A ɗiba da rani, a koma da damina, domin ɗiba ɗaya ba ta isa a rubuta komai a kanta.

A kan hanyar zama malamin jami'a, an faɗi gaskiya ba rufa-rufa. A sakandare sai an riƙe lissafi da fiziks da kemistiri da kyau kafin WASSCE, jarrabawar kammala sakandare. Digirin farko a KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, shekara huɗu ne, sai shekarar bautar ƙasa, wadda ya fi kyau a nemi yin ta a sashen da aka yi karatu, a matsayin mai taimaka wa malami, domin a nan ake sanin wa zai duba aikinka nan gaba. Digiri na biyu, wato MPhil, shekara biyu ne, sannan digirin dakta, wanda yanzu shi ake nema kafin a ba mutum cikakken matsayin lakcara. An ambaci cibiyar RWESCK ta ruwa da tsaftar muhalli, da tallafin karatu na GETFund, asusun ilimi na Ghana, da DAAD na Jamus da na Commonwealth. An kuma ja kunnen masu bincike game da mujallun da ke karɓar kuɗi su buga aiki cikin mako guda ba tare da masana sun tantance ba. Wannan gargaɗi ya yi mana daɗi, domin ranar neman ƙarin girma irin waɗannan takardu ba sa ƙirguwa, ga kuɗi ya tafi.

Iyayenmu maza da suka bari 'ya'yansu mata suka zo, mun gode, kuma 'yan matan ne suka fi yin tambaya. Yaran da suka rubuta sunansu don ziyarar ɗakin gwaji su zo da rufaffen takalmi, ba silifa ba, masu mayafi kuma su ɗaure shi cikin riga saboda wuta da asid.