Godiya ga waɗanda suka taya mu tsamo takardu daga ruwa

Jama'a, sannunku da aiki. Yau muka ɗora kwali na ƙarshe a kan kanta, shi ne na ce bari in zauna in yi godiya tun gajiya ba ta sa na manta da wani ba.

Ga wanda labarin bai iske ba, ruwan sama ne ya cika ɗakin ƙasa na wata tsohuwar majami'ar Lutheran a nan Pennsylvania, inda nake taya su adana takardu. A ɗakin akwai rajistar baftisma da ta aure da ta jana'iza, ga kuma littattafan wata ƙungiyar taimakon juna da Jamusawan garin suka yi, masu karo-karo saboda ranar ciwo ko mutuwa. Irin waɗannan ƙungiyoyi sun daɗe a Amurka. Babbar yayarsu, German Society of Pennsylvania, tun 1764 aka kafa ta a Philadelphia, domin tsaya wa baƙin da ke sauka da bashin kuɗin jirgi a wuyansu, waɗanda sai sun yi shekaru suna yi wa wani bauta kafin su biya.

Jiƙaƙƙiyar takarda ba ta jiran kowa. Ta kwana biyu a haka, fumfuna ta kama ta, kuma dabarar ita ce a daskarar da ita kafin a samu sukunin busarwa. Da tsakar dare na buga wa Alhajinmu mai shagon nama waya, ina jin nauyi. Bai tambaye ni ko takardun wane ne ba. Cewa ya yi, "Ɗana, firiza nawa kake so?" Ya kwashe kajinsa ya ba mu biyu. Baba Alhaji, Allah ya ƙara buɗi, ya saka da alheri.

Iyayenmu na zumuntar mata, ku kuka yi aikin da ya fi cin rai: a ɗaga shafi, a sa takardar tsotse ruwa, a ɗaga na gaba, har bayanku ya ƙage. Samarin da suka yi dako, na gode.

Sai wata dattijuwa a majami'ar, wadda kakanninta daga Jamus suka zo. Yawancin littattafan da tsohon rubutun hannu na Jamusanci aka yi su, wanda ake kira Kurrent, inda harafin e yake kama da n, kuma tun 1941 makarantun Jamus suka bar koyar da irinsa. Ni dai ƙafar kaza nake gani. Ita ce ta zauna da gilashinta tana karanta mana, muna mayar da shafukan da suka warwatse muhallinsu. Ita ta nuna mini wurin da sakataren ƙungiya ya bar Jamusanci ya koma Turanci a tsakiyar littafi, bayan Amurka ta shiga yaƙi da Jamus a 1917, lokacin da yin harshen a bainar jama'a ya zama abin tsoro. Hannu ɗaya, tawada ɗaya, bai rubuta dalili ba. Mama ta daɗe da yatsa a kan layin nan ba ta ce komai ba.

A Numan na tashi, inda mishan ɗin Denmark suka fara aikin Lutheran a 1913, kuma tun daren nan nake tunanin a wane ɗaki namu rajistocin suke kwana.

Littafi ɗaya ya fi ƙarfinmu, na kuɗin wata-wata. Shafukansa sun manne sun zama dunƙule. Sauran suna bene yanzu, nesa da ƙasa. Ranar Asabar akwai tuwo da miyar kuka a gidana, duk wanda ya ɗauki kwali ko da ɗaya ne ya zo. Baba Alhaji, kai kam kada ka kawo kaza.