Godiya bayan jinyar Hajiyarmu

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki.

A madadin gidanmu nake wannan rubutu, domin waɗanda suka tsaya mana tun daren da hawan jini ya kayar da mahaifiyarmu, ɓarin jikinta na dama ya shanye, sun fi ƙarfin a bi su gida-gida. Masu kwana da mu a barandar asibiti, masu aiko abinci, maƙwabcinmu da ya fito da motarsa ko hula bai tsaya ɗauka ba, da malaman da suka yi ta addu'a, Allah ya saka muku da alheri, ya sa ku tarar a mizani.

Ƙafar ta riga hannun dawowa. Hajiya ta fara takawa da sanda, amma hannun dama yana nan a kan cinya, komai da hagu take yi. Cin abinci ne ya fi yi mata ciwo. Ta kan kalli lomar tuwo ta ce, "Ni da na hana ku ci da hagu." Mu kuma don tausayi ba ma bari ta wahala, kafin ta miƙa hannu mun miƙo mata.

Babbar godiyarmu ga likitar gashin ƙashi da ta karɓe ta. Ta ce Hajiya ta ɗaga wuyan hannun, ta buɗe yatsu. Suka ɗan motsa, da ƙyar ake gani. Sai ta ce, "Mama, wannan hannun bai mutu ba, an dai daina aikensa ne." Ta ɗauko safar hannu mai kauri ta saka wa hannun hagu, mai lafiyar. Yayarmu ta kusa cirewa, don gani take mugunta ce. Haka aka zuba wa Hajiya wake a faifai tana tsinta ɗaya-ɗaya tana jefawa a kwano, ƙwayar ta suɓuce ta sake, gumi yana keto mata. Daga wake aka koma kofi, daga kofi zuwa carbi.

Daga baya na nemi sanin inda wannan dabara ta samo asali, shi ya sa nake son godiyar nan ta haɗa da wani masani da ba mu taɓa gani ba, Edward Taub na Jami'ar Alabama da ke Birmingham a Amurka. Da birai ya fara bincikensa. Idan aka yanke jijiyoyin da ke kai saƙon ji daga hannu ɗaya, sai biri ya daina amfani da hannun, alhali jijiyoyin da ke motsa shi suna nan lafiya. Amma da aka ɗaure hannu mai lafiyar na wasu kwanaki, sai ga shi yana aiki da wanda ya yasar. Taub ya fahimci cewa rashin amfani da hannu ma koyonsa ake yi: mutum ya gwada ya kasa, ya sake ya kasa, sai ya haƙura, ko da ƙarfin ya fara dawowa daga baya. Hanyoyin ƙwaƙwalwa kamar turbar gona suke, wadda aka daina bi ciyawa ke cinye ta. Biran nan sun sha wahala, har sai da maganarsu ta kai gaban kotu a 1981, kuma ba na son in ci moriyar aikin in manta da su.

Abin bai tsaya a kan birai ba. A 2006 mujallar likitocin Amurka, JAMA, ta wallafa wani babban gwaji da Steven Wolf na Jami'ar Emory ya jagoranta, a kan mutum 222 da suka yi wata uku zuwa tara da samun shanyewar ɓarin jiki. Waɗanda aka rufe wa hannu mai lafiya, aka ba su horo mai tsanani na mako biyu, sun fi sauran iya aiki da hannun da ya shanye, kuma bayan shekara guda bambancin yana nan. Aikin da aka yi a can ne ya iso har tabarmar Hajiya ta hannun wata baiwar Allah da ta karanta shi ta kuma riƙe shi da gaskiya.

Don Allah kada wani ya karanta wannan ya je ya ɗaure hannun majinyacinsa. Likitar ta jaddada mana cewa ba kowa ya dace da wannan hanya ba, sai wanda wuyan hannunsa da yatsunsa suka fara motsi, kuma mai jiri zai iya faɗuwa idan aka rufe hannun da yake dafawa da shi. A kai shi wurin masu gashin ƙashi su duba tukuna.

Ƙannena mata da kuka yi ta zama da ita kuna ƙirga wake, kuna shan faɗa idan ta gaji, Allah ya ba ku masu yi muku. Yanzu Hajiya da hannun dama take cin abincinta, da shi take jan carbi. Ɗaurin zani da zare a allura har yanzu sai an taimaka mata, kuma muna ci gaba da zuwa asibiti. A ci gaba da saka ta a addu'a, tare da sauran marasa lafiya na gida da na asibiti.